Tislim, Wadda Ta Rina Rijiyar 'Yanci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Tislim mint Ma'atalla, wato 'yar Ma'atalla, mai rini, tsohuwar kansilar unguwarmu ta Lemleha a nan Nuwakshot, bayan doguwar jinya ta ciwon sukari. An yi mata salla a masallacin bakin kasuwa, aka kai ta makwancinta kafin rana ta faɗi.

Labarin ya same ni a rumfata, ina tsakiyar ciniki. Imijin, shugaban 'yan amalanken ruwa, shi ne ya tsai da jakinsa a gabana. Bai yi sallama ba, bai sauko ba, ya ce, "Yarba, rufe rumfa. Taubashiyarka ta tafi." Ya kaɗa jaki ya wuce. Na bi bayansa da kallo, na ga kafaɗunsa suna rawa, alhali hanyar ba gargada.

Tislim, ke 'yar kawuna ce, ni ɗan gwaggonki, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Ni sana'ata sayar da duro da jarka, waɗanda ba komai a cikinsu. Duk safiyar da kika biyo ta kasuwa sai kin tsaya kin ce, "Ina kwana, mai sayar da iska? Kai kaɗai na sani a duniya da ke sayar da wofi ya ci riba." Ni kuwa in ce ki ɓoye hannuwanki kada ki tsorata min masu saye, domin shuni ya kama su har gwiwar hannu, sabulu ya daɗe da sallamawa. Yau ga ni zan faɗi alherinki a fili, kuma babu ke balle ki ce ƙarya nake, wani abu nake nema.

Mutane da yawa za su tuna ki da mayafan da kika rina. Babu amaryar talaka a Lemleha da ta shiga ɗaki ba da rininki a jikinta ba, kuma na san rabinsu godiya kawai suka biya. Wasu za su tuna ki da farfajiyar gidanki, wadda ba ta taɓa rabuwa da baƙuwar mace ba. Mu Haratin, baƙaƙen da kakanninmu suka yi wa Bidan, fararen Larabawan ƙasar nan, bauta, har yanzu akwai matanmu da ke baro ƙauye da goyo a baya, ba takarda, ba sana'a, ba wanda suka sani a birni. Direbobin tasha sun san inda za su sauke su. Ki ba su tabarma, ki ba su shinkafa da kifi, washegari ki miƙa musu muciyar rini. Na tuna wata tsohuwa da kika kai ofishin rajista, aka tambaye ta sunan mahaifinta, ta ba da sunan ubangidan da ya mallaki uwarta, domin shi kaɗai ta sani. Kika dafa hannun ma'aikacin kika hana shi rubutawa. Kika yi ta zarya tsakanin birni da ƙauye har kika samo dattijon da ya san sunan uban nata na gaskiya. Ranar da aka ba ta katin, ta sa aka yi ta karanta mata sunan, tana kuka, tana cewa a sake.

Irin waɗannan ne suka sa mata suka tura ki takarar kansila a Jam'iyyar Tsani, jam'iyyarmu ta baƙaƙe da 'yan dako. Kika ci, ba tare da kin raba ko sukari ba.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Masu ta'aziyya sun yi ta faɗin waɗannan a bakin ƙofarki, kuma duk wanda ya zo kan maganar rijiya sai ya yi tari ya nemi ruwa. Ni zan faɗe ta, domin a nan ne aka san ko ke wace ce.

Rijiya muke ce mata, amma ƙaton tanki ne na siminti da aka haƙa a ƙasa. Motocin ruwa su cika shi, 'yan amalanke su ɗiba a duro su zaga gidaje. Kafin a gina shi, ruwan Lemleha daga tankin wani attajiri Bidan muke saye, wanda kakansa ya mallaki kakannin rabin unguwar. Ka biya shi kuɗin ruwa, kuma ka gaishe shi kana sunkuye. Sai 'yan dakon tashar jiragen ruwa suka yi karo-karo a ƙarƙashin jam'iyya, suka gina mana namu, aka zana tsani a jikin murfin, aka sa mata suna Rijiyar 'Yanci. Ranar buɗe ta, tsofaffi sun sha ruwan suna hawaye. Ke kika yi guɗa ta farko, da kunnena na ji. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane nauyin abin da ya biyo baya ba.

Shekarar babban zaɓe, damina ta yi mana ba-zata. Kowa ya san ƙasar Lemleha gishiri ce, ba ta shan ruwa, sai dai ta amayo na cikinta. Masai suka cika suka tumbatsa, ruwa ya kwanta a lunguna har ya yi kore. Bangon rijiyar ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kai wa. Ba a daɗe ba yara suka fara amai da gudawa. Gida ɗaya, gida biyu, sai layi guda. Asibitin unguwa ya cika, ana yi wa yara ƙarin ruwa a kan tabarma a baranda.

Kuma a daidai lokacin ne ɗan takararmu na shugaban ƙasa, tsohon jagoran 'yan dako, baƙi wuluk kamar ni da ke, ya fara ba manya tsoro. An kakkafa tantunan kamfe a kowane titi, ana kiɗa, ana rawa. Yaranmu da suka saba sunkuyar da kai suka fara tafiya ƙirji a buɗe. 'Yan ɗaya ɓangaren suna yawo suna raɗa cewa wanda bai gaji mulkin gidansa ba, ina zai iya da ƙasa. Mu kuma amsarmu ɗaya ce, ku zo Lemleha ku ga rijiyar da muka gina da guminmu. Hotonta yana jikin kowace takardar kamfe.

Ke kika fara cewa rijiyar ce. Maza suka yi miki dariya, kuma dariyar tasu tana da hujja. Duk namijin Lemleha daga ruwan nan yake sha tun safe har dare, ko ciwon kai babu. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, namijin ƙasar nan ba ya shan ruwa, shayi yake sha. Kofi na farko, na biyu, na uku, kowanne sai ya tafasa a kan gawayi har ya gaji. Wa ke shan ruwan ɗanye? Yaro, da uwarsa. Su ake dama wa zirig, a tsinka nono da ruwan duro a zuba sukari a miƙa musu da rana tsaka. Masu yanke shawara cikinsu lafiya lau, masu kwanciya a baranda kuwa ba a tambayarsu. Kika ɗebi ruwan a kwalba kika kai aka auna, aka tabbatar miki da abin da hancinki ya riga ya faɗa miki.

Ina cikin tantin jam'iyya ranar da kika kawo maganar gaban Warzag, shugabanmu na unguwa. Ya ɗaga kofinsa sama, kumfa na sheƙi, ya ce, "Yaya Tislim, wannan daga ina aka ɗebo shi? Ga ni garau, ko kin ga na ruga bayan tanti?"

Kika ce, "Naka sau uku ya tafasa, Warzag. Ko fitsarin jakin Imijin aka yi wa haka, ka sha ka yi gyatsa."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Daga nan ya sallami mutane, muka rage mu uku, ya rage murya. Ba zan yi wa Warzag ƙarya ba, domin yana raye kuma zai karanta. Bai musa ba. Ya ce ya yarda, amma ki dubi lokaci. Ya ce tun da aka kafa ƙasar nan ba mu taɓa kusantar ƙofar fada kamar yanzu ba. Idan maganar ta fita, gobe za a nuna rijiyar a talabijin a ce, ku ga ruwan da baƙi ya shayar da 'yan uwansa, shi za ku ba ƙasa? Ya ce ba rijiya za su rufe ba, bakinmu za su rufe, na shekara da shekaru. A bi gida-gida a asirce a ce wa mata su riƙa tafasawa, zaɓe na wucewa shi da kansa zai kawo magina. Ya rantse, kuma na yarda har zuciyarsa yake nufi.

Kika ce, "Su tafasa da gawayin wa? Kuma yaron da ya dawo daga wasa da ƙishirwa, tukunya zai jira? Je ka baranda ka ce wa gudawa ta dakata sai an ƙirga ƙuri'a. In ta yarda, na yarda."

Magajin gari kuwa, Bidan kuma ɗan ɗaya ɓangaren, da yake kunnuwansa sun fi na zomo, ya aiko miki da mota. Kin ba ni labarin da bakinki. Ya tarbe ki da fara'a, ya zuba miki shayi da hannunsa, ya ce ai mutanen Lemleha 'ya'yansu ne tun kaka da kakanni, kin san yadda suke faɗin wannan. Ya ce zai rufe rijiyar, zai aiko da motocin ruwa kyauta, abu ɗaya yake so, ki tsaya kusa da shi ranar da 'yan jarida za su zo. Kika ce, ranka ya daɗe, ka rufe ta yau, ba hoto. Ya ce ai aikin hukuma yana da tsari, sai mako mai zuwa, ana jibi zaɓe. Kika ajiye kofinsa ba ki sha ba, abin da ko maƙiyi ba ya yi wa maƙiyi a ƙasar nan, kika fito.

Ni ɗan kasuwa ne, na san ciniki idan na gan shi. An taya ki sau biyu a mako guda. Naki sun taya shirunki, waɗancan sun taya fuskarki. Kowane ɓangare yana son rijiyar ta ci gaba da shayar da yara har zuwa ranar da ta dace da shi.

A cikin wannan jiran ne ɗan Khadaija ya rasu, ɗaya daga cikin matan da kika saukar a gidanki, yaron da bai daɗe da fara tafiya ba. Ke kika riƙe uwar. A kan amalanke aka kai shi, kamar yadda ake kai ƙananan gawawwaki a unguwarmu, domin ba a kiran mota saboda abin da hannu biyu za su ɗauka.

Washegari da hantsi, lokacin da layin amalanke ya fi tsawo, kika fito daga lungunku, matan marinarki na biye da ke, kowace da baho a ka. Shunin da kika tanada ne na rinin babbar salla, jarinki na shekara gaba ɗaya. Ba ki ɓoye ba, ba ki yi sauri ba. Kika hau kan murfin, kika sa aka ɗaga ƙofar ɗiba, kika ɗaga murya kika ce kowa ya shaida ke ce, Tislim 'yar Ma'atalla, ba wanda ya aiko ki. Kika yi bisimilla kika juye bahon farko. Matan suka bi da nasu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya jefa guga bayan haka, abin da ya jawo ya fi rigar ango shuɗi.

Imijin ya taso da sandar jakinsa a sama. Na ɗauka zai sauke ta a kanki. Ya tsaya yana huci, ya ce, "Ki ji tsoron Allah, tsohuwa! Abincin 'ya'yanmu kika zubar! Da me za mu koma gida?"

Kika ce, "Ruwanku na nan, Imijin, ko cokali bai ragu ba. Wanda ya yarda da shi ya ɗiba ya kai wa 'ya'yansa. Launi kawai na sa masa, don uwar yaro ta gane shi daga nesa."

Ba wanda ya ɗiba.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba a zagi tsagar bango ba, ba a zagi masai ba, ke aka zaga. Dole 'yan amalanke suka koma ɗiba a famfon babban titi, tafiya mai nisa, kuɗin duro ya ninka. Matan da kika yi domin 'ya'yansu, wasunsu sun tofar da yawu da kika wuce. Jam'iyya ta kore ki a bainar jama'a. Mawaƙan tanti suka sa ki a waƙa, yara suka ɗauka suna bin ki da ita. Duk wannan kin shanye. Wadda ta shige ki ita ce kalmar da aka rubuta da gawayi a bangon gidanki, baiwar Bidan. Aka ce kin koma gidan iyayengijinki, an saye ki kamar yadda aka sayi kakarki. Ke da kika yi rabin rayuwarki kina cire sunan iyayengiji daga kan mutane. 'Yarki Salka ta ɗauko ruwa za ta wanke bangon, kika ce ta bari, ruwa ya yi tsada, damina za ta wanke.

'Yan talabijin sun zo duk da haka, sun ɗauki hoton ruwan shuɗi, sun faɗi abin da Warzag ya ce za su faɗa, kusan kalma da kalma. Suka kafa miki na'ura a ƙofar gida, kika fito kika shanya rini a kan igiya kika juya musu baya har suka gaji. 'Yan sanda suka tsare ki wuni guda, magajin gari ya sa aka sake ki don a ce shi ya yi, ya aiko da motarsa ta mai da ke gida. Kika tako da ƙafa, da ciwon sukarin da komai.

Ranar zaɓe kika yi layi tare da masu zaginki, kika dangwala wa Tsani. Na sani domin kin ɗaga takardar sama kafin ki ninke, har jami'in ya tsawata. Da aka zo sa miki tawada a yatsa, ya jujjuya hannuwanki yana neman inda tawadar za ta fito, bai samu ba. Kika ce masa, "Ɗana, ni kullum a cikin zaɓe nake." Ɗan takararmu bai ci ba. Ko da Lemleha gaba ɗaya da jakunanta sun yi zaɓe sau biyu, da bai ci ba, kowa ya san haka. Amma faɗuwa tana son wanda za a ɗora wa, kuma ke ce a kusa. Da zaɓen kansiloli ya zagayo, Warzag ya hau kujerarki.

Gudawar ta tsaya. Barandar asibiti ta koma wurin shan iska. Ba wanda ya yi taro a kan haka, domin yaron da bai mutu ba, ba a yi masa biki. Daga baya aka jawo famfo har bakin unguwa, jam'iyyu biyu suka yi ta faɗa a kan wa ya kawo, kowa da allonsa. Sunanki ba ya jikin ko ɗaya.

Ni ma na kawo miki ƙara a lokacin. Durona da na ba 'yan amalanke haya sun dawo da shuɗin ciki, ba mai saye. Kika ce, "To yau ka samu abin sayarwa a ciki, ka ƙara kuɗi." Ban ƙara komai ba. Suna nan a bayan rumfa, na kife su, tsofaffi na zama a kai.

Mutum na farko da ya dawo gare ki Imijin ne, kuma sai da shekara ta zagayo. Ya zo ya tsuguna a ƙofar marina, ya daɗe yana wasa da igiyar jaki. Ya ce shi bai yi makaranta ba, ba ya gane maganar awon ruwa. Amma amalankensa ake aro idan za a kai yaro maƙabarta, kuma bana tun da damina ta faɗi har ta ɗauke ba wanda ya zo aro. Ya ce ki yafe masa sandar da ya ɗaga. Kika ce wace sanda, ke jaki kawai kika gani yana kuka. Daga ranar, duron gidanki shi yake cikawa. Wasu ma sun dawo, a hankali, ta ƙofar baya, da sunan kawo rini. Wasu kuwa har kika koma ga Allah ba su gaishe ki ba. Ba ki taɓa bin kowa da maganar ba, kuma ba ki shiga wata jam'iyya ba, duk da an yi ta aike.

Abu ɗaya ne ya tsaya miki a rai. Bayan rinin, hukumar lafiya kwaɗo kawai ta sa wa ƙofar rijiyar. Ba a gyara ta ba, ba a cike ta ba. Kin yi ta zuwa majalisa a matsayin talaka, kina zama a bencin baya, kina roƙon a zuba mata yashi. Magina sun gaya miki gishiri ya cinye bangon, liƙi ba zai yi ba. Amma wa zai sa hannu a binne Rijiyar 'Yanci? Ganina da ke na ƙarshe, ƙafa ta kumbura, ido ya fara dushewa, kika gane ni da takuna. Kika ce, "Mai iska, sun cike ta?" Na ce da kwaɗo a jiki, ki kwantar da hankalinki. Kika ce, "Kwaɗo ai ɗan'uwan mabuɗi ne."

Ga abin da ya faru bayanki, tunda ba ki gani ba.

Wani zaɓen ya matso, famfon bakin unguwa kuma yau ya kawo gobe ya ɗauke. Ashe an riga an shirya a majalisa cewa za a kwashe ruwan, a wanke rijiyar, a shafa siminti a baki, a yi mata fenti, a sake buɗe ta da kiɗa. Ke kaɗai ake jin nauyi. Washegarin binne ki, muna zaman makoki a ƙofar gidanki, sai ga leburori sun wuce da injin zuƙar ruwa da buhunan siminti. Ko kwana uku ba su iya jira ba.

Salka ta gan su. Ta miƙe ta naɗe tabarmar da take kai, ta ɗora a ka. Khadaija ta naɗe tata. Kafin mu ankara mata sun kwashe shimfiɗu kaf, da butoci, da kaskon shayi, sun nufi rijiya. Suka shimfiɗa a kan murfin, suka kafa rumfa a kai, Salka ta zauna daidai kan ƙofar da kwaɗon yake. Ta aika a faɗa wa liman cewa gida ya yi ƙunci, an mai da zaman makoki nan. Imijin ya kira mutanensa suka jera amalanke suka kewaye wurin, wai don kare mata daga rana. Leburorin suka tsaya da injinsu suna kallo. Ɗayansu ya cire takalmi ya shigo ya yi gaisuwa, sauran suka bi shi. Wa zai haƙa ƙarƙashin masu makoki?

Duk wanda ya zo yi miki ta'aziyya, a kan rijiyar ya zauna. 'Yan majalisa sun zo, wakilin magajin gari ya zo. Warzag ma ya zo, domin ba yadda zai yi ya ƙi zuwa. Ya cire takalmi, ya hau, ya zauna a kan zanen tsanin da ya kusa gogewa, ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Da aka shafa, Salka ta miƙo masa ƙwaryar zirig da hannu biyu, ta ce, "Kawu, na famfo ne, sha ba fargaba." Ya karɓa ya daɗe yana kallon cikin ƙwaryar. Ya sha. Ya ce, "Allah Ya jiƙan Yaya."

Kwana uku suka cika, ba a naɗe tabarma ba. Kullum sai a ce akwai baƙi daga ƙauye da ba su iso ba, kuma ba ƙarya ba ne, matan da kika saukar a gidanki ne suke ta zuwa, wasu da jikoki. Majalisa ta aiko a tambayi yaushe za a tashi, Salka ta ce sai an gama binne mamaci. Ba su gane ba sai ranar Juma'ar da ta biyo. Bayan an sauko daga masallaci, amalanken Lemleha kaf suka fita bayan gari, ba duro a kansu, suka dawo shaƙe da yashi. Mata suka janye tabarmi. Aka nemi mabuɗi, aka ce yana majalisa, Imijin ya ɗauko guduma. Kafin ya ɗaga, Warzag ya ratso taro, ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa, ya fito da mabuɗin, ya buɗe da kansa. Ya karɓi shebur ya zuba na farko, ya koma gefe ya rufe fuska da rawani.

Har la'asar ana zuba. Tsofaffin 'yan dakon da suka gina ta da kuɗin guminsu suna tsaye suna kuka, kuma ba wanda ya ce a bari. Ni ma na yi kuka, ban san ko na wace ce a cikinku ba, ke ko rijiyar. Yanzu wurin fili ne, yara na ƙwallo a kai.

Ya Allah, ga baiwarKa Tislim, baiwarKa Kai kaɗai, ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka sanya shi dausayi daga dausayoyin Aljanna. Ka shayar da ita daga tafkin ManzonKa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishirwa bayansa. Ka sa ɗan Khadaija da sauran yaran da suka riga ta su tarbe ta a ƙofa. Waɗanda suka zage ta da rashin sani, Ka yafe musu, domin ita ta riga ta yafe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarta Salka da ɗanta Ahmad Salim, da jikokinta, da zuriyar Ma'atalla baki ɗaya, da matan marinarta, da 'yan amalanken Lemleha, da duk uwar da ɗanta ya girma ba ta san wa za ta gode wa ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.

Ɗan gwaggonki,
Yarba